Bakabe, Kakkaɓe Ruwan Kunnenka Ka Ji Sababbin Waƙoƙi

Gaisuwa gare ka bawana, jikan Kanta, sarkin ƙarni. Yaya gulbin Matan Fada? Ina fata kifi bai yi muku yaji ba, don na san ranar da giwan ruwa ya ƙaurace wa Argungu, sai an shimfiɗa tabarmar makoki daga ƙofar fada har bakin gulbi.

Labari ya iske ni a nan Birnin Kebbi cewa ka zauna majalisa bayan la'asar kana yanke wa mawaƙan zamani hukunci. Wai tun da su Ɗandawo da Narambaɗa da Ɗanƙwairo suka kwanta dama, kiɗa ya bi su kabari. Wanda ya kawo mini tsegumin ya ce wani yaro ne ya gifta da waƙa a waya, ka daka masa tsawa kana cewa, "Wanga ba kiɗi na ba, hayaniya ta!" Na yi dariya har da riƙe ciki. Maganar tana da ɗan ƙamshin gaskiya, bakin da ta fito ne abin dubawa. Mutumin da ya ƙarar da rabin rayuwarsa kai a nutse yana lalube a ƙarƙashin ruwa, yaushe kunnensa ya bushe har ya san bambancin kiɗa da hayaniya?

To da yake haƙƙin bawa yana wuyan ubangidansa, na ɗauki nauyin saurare a madadinka. Kada ma ka fara musu a kan wane ne ubangidan. Masu ba da tarihin Kabi da bakinsu suke cewa mahaifiyar Muhammadu Kanta 'yar Sarkin Katsina ce, ka ga ke nan ku 'ya'yan mace ne, mu Katsinawa 'ya'yan namiji. In wannan ya yi maka nisa, ga na kusa: mu an ba mu jiharmu a 1987, ku kuwa sai da kuka ƙara shekara huɗu a bayan Sakkwato kafin a yaye ku a 1991. Ko shinkafar da kuke cika baki da ita, sai da shugaban ƙasa ɗan jiharmu ya tako nan Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015 ya ƙaddamar muku da shirin bashin manoma.

Bari in fara gaya maka yadda ake samun sabon albam yanzu, don na san kai har gobe jira kake mai kaset ya ratso kasuwa da rediyo a kafaɗa. Wancan zamanin ya shuɗe. Kaset ya tafi, faifan CD ya bi bayansa, dillalan Kano da ke sayen waƙa a hannun mawaƙi su buga su rarraba sun kama wasu sana'o'in. Yau mai data ya shiga Audiomack ko YouTube ya sauke abinsa. Mu marasa data kuwa, kuma mun ƙara yawa tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025, sai mu nufi rumfar masu tura waƙa a babbar kasuwa mu miƙa memori. A can ake yi wa albam fiɗa. Mawaƙi ya yi wata da watanni yana jera waƙoƙinsa, wannan ce za ta buɗe, wannan ce za ta rufe, sai yaron da ke gaban kwamfuta ya tsinci ukun da suka yi tashe ya zuba maka su tsakanin wa'azi da fim ɗin Indiya mai fassara. Da na ce masa kowane kundi cikakke nake so, daga farko har ƙarshe, sai ya ɗaga kai ya dube ni ya ce, "Baba, duka za ka ji?"

Na fara da 'yan Kudu, don su suka cika gari. Rema, yaron Benin, ya saki Heis a watan Yulin 2024, waƙa 11 da gaba ɗayansu ba su cika rabin awa ba. A nan kam in hayaniya kake nufi, na sallama maka. Ganguna na gudu, shi yana ihu, babu inda za ka tsaya ka ja numfashi. Sai dai na lura 'yan kabu-kabun garin nan ba su jin ko kalma ɗaya a cikin "Ozeba", amma da ta tashi ƙafa ta soma motsi a kan birki. Kiɗan da ya taɓa wanda bai san me ake faɗa ba, ba a raina shi. Ni dai shekaruna sun wuce wurin.

Wizkid ya fito da Morayo a watan Nuwamban 2024, waƙa 16, da sunan mahaifiyarsa wadda ta rasu a 2023. Na shiga da shirin jin ta'aziyya, irin wadda in mawaƙin Hausa ya yi wa uwa sai ka nemi gefen riga ka share ido. Abin da na tarar kiɗa ne mai santsi da sanyi, muryar na tafe sannu a hankali don kada ta tashi mai barci. Maraicin yakan leƙo nan da can, amma yawancinsa zancen mata ne da rawa da jin daɗin duniya. Gwani ne, babu musu. Kada dai a kunna maka shi a cikin kwalekwale da rana tsaka, don gyangyaɗi zai kwashe ka, mu wayi gari ana cigiyarka a Yawuri. Ita kuwa Tems, mai Born in the Wild na watan Yunin 2024, murya gare ta mai kauri da natsuwa. Waƙarta "Love Me JeJe", wadda ta ci mata kyautar Grammy a watan Fabrairun 2025, tsohuwar waƙar Seyi Sodimu ce ta 1997 ta ɗauko ta yi wa sabuwar riga. Riƙe wannan a ranka, zan neme shi a hannunka an jima.

Wanda na fi daɗewa a kansa cikin 'yan Legas shi ne Asake, Ahmed Ololade, da kundinsa Lungu Boy na watan Agustan 2024, na uku da ya fitar cikin shekara uku. Ya gayyato baƙi daga ko'ina: Stormzy da Central Cee daga Ingila, Travis Scott daga Amurka, Ludmilla daga Brazil, ga kuma Wizkid. A ganina baƙin sun yi yawa har mai gida ya rasa wurin zama, kuma zafin da ke cikin kundinsa na farko na 2022 ya ɗan huce. Amma ka daure ka kai waƙar ƙarshe, "Fuji Vibe". A nan ya sallami baƙin ya koma gidan ubansa, ya saki gangunan Yarbawa suna ta zuba har muryarsa ta ja gefe ta ba su fili. Shi kiɗan fuji, in ba ka sani ba, daga waƙoƙin tashin Musulmin ƙasar Yarbawa yin sahur ya samo asali, Sikiru Ayinde Barrister ya fito da shi dandali. Da na ji kalangunsu yana magana sai Shata ya faɗo mini a rai, na ce ashe yaron nan ya san inda ƙarfinsa yake, yawon duniya ne ya ɗauke masa hankali.

Daga nan na dawo gida, kuma a gida aikin ya fi ba ni wuya, domin mawaƙan Hausa na yanzu sun fi son sakin waƙa ɗai-ɗai. Ba laifinsu ba ne. Albam ba ya kawo kuɗi a ƙasar da mai tura waƙa ne ke cin ribarsa. Kuɗi na wurin biki, yana wurin 'yan siyasa, sai ɗan abin da YouTube ke yagowa. Waƙa kuwa ba ta yin tashe sai 'yan TikTok sun yanki ɗan guntunta sun taka rawa da shi, shi ya sa mawaƙi ke fara gina amshi, sauran baitocin ya cike su a kan hanya. Tun "Jaruma" ta Hamisu Breaker a 2020, lokacin kullen korona da matan aure suka yi ta rawa gaban mazajensu suna ɗorawa a intanet, kowa ya gane inda kasuwa ta koma. Nura M. Inuwa ne ya daɗe yana riƙe da al'adar tara waƙoƙi ya fitar da su kundi guda a farkon shekara, kuma in ana maganar tsara baiti da juya Hausa, har yanzu ina sa shi a sahun gaba.

Abin da na tattaro na 'yan nanaye na saurare shi da zuciya ɗaya, kuma ga ƙorafina. Fiyano ɗaya ce ke yawo daga wannan situdiyo zuwa wancan. Muryoyin an bi da su ta na'urar gyaran murya har sun koma shinkafar inji, kowace ƙwaya daidai da 'yar'uwarta, fara tas, amma ƙamshin 'yar gida ya tafi. Ka ji waƙa biyar a jere ba ka iya rantsuwa cewa mutum biyar ne suka yi su. Zancen kuma bai wuce zuciya da hawaye da rabuwa ba, sai ka ce duk samarin Arewa an yaudare su a rana ɗaya. Duk da haka akwai yara masu basira a cikinsu, masu iya ƙulla amsa-amo ba tare da sun karya wuyan kalma ba, kuma su ne ke raya Hausa a kunnen 'yan shekara ashirin, ba ni da kai ba. Su ma masu begen Annabi, da mandiri muka san su, yanzu da yawansu fiyanon nan suke haya, in ba ka kasa kunne ga kalmomin ba sai ka zaci gidan biki ne. 'Yan gambarar zamani, su DJ AB na Kaduna da ClassiQ da B.O.C Madaki na Bauchi, sun iya gudun harshe, suna cakuɗa Hausa da Turanci, kuma na ji daɗin habaicinsu. Amma kai da ka san 'yan gambarar kasuwa na da, ka san wajen baƙar magana waɗannan almajirai ne.

Waƙar Hausa da ta fi cika mini kunne a 2024 ma ba a cikin kundi ta zo ba. "Fatima Mai Zogale" ce, ta Dauda Kahutu Rarara. Ka san Kahutu? Ƙasar Ɗanja ce, jihar Katsina. Na san za ka taɓe baki ka ce mawaƙin 'yan siyasa ne, jiya Buhari yau Tinubu. Na ji. Amma ya ajiye siyasa ya yi wa mai zogale waƙa, aka wayi gari tun daga Kamba har Maiduguri ita ake yi. Kiɗan matan da Ado Gwanja ya girgiza gari da shi a 2022, su "Warr" da "Chass", ni a kunnena jikan amadar Barmani Choge ne, ita kuwa 'yar Funtuwa ce. Shata ɗan Musawa ne. Ƙirga da kyau, Bakabe, in yatsunka ba su yi sanyi ba. Ku fa? Aliyu Ɗandawo ya zauna Argungu yana yi wa Sarkin Kabi waƙa, kuka kasa riƙe shi, ya ƙare a Yawuri. Wanda jiharku ta fitar ya yi suna a ko'ina shi ne Gambu na Fagada, mai waƙar ɓarayi. Za ka ce ai ƙasar Gwandu ce, ba Kabi ba. Jiha ɗaya dai kuke karɓar albashi. Allah Ya jiƙansa, ya tuba kafin ya cika, kuma wajen iya zance da wuya a sami na biyunsa.

Yanzu gyara zama, don a nan maganar take. Kundin da ya fi kama ni a duk abin da na saurara daga Nijar ya fito, nan bayan gidanku. Mdou Moctar Buzu ne daga jihar Tawa, bahago, da hagu yake kaɗa jita. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da irin na'urar gyaran muryar da mawaƙan finafinan Hausa ke amfani da ita, waƙoƙin suka bi wayoyi da memori suka ratsa Sahara tun kafin wani kamfani ya san da zamansa. Yau wani kamfanin Amurka, Matador, ke fitar masa da waƙa. A watan Mayun 2024 ya saki Funeral for Justice, wato jana'izar adalci. Da Buzanci yake waƙa, ni kuwa ba na ji, amma fushi ba ya buƙatar tafinta. Jitar tana kururuwa, ganga na sukuwa, 'yan amshi na karɓa masa yadda yaran makaɗan fada ke karɓi. A cikin "Oh France" Faransa yake tuhuma, ƙasar da ta yi shekaru tana kwasar yuraniyam a Arlit alhali ƙauyukan Nijar na kwana a duhu. A "Imouhar" kuma 'yan'uwansa Buzaye yake roƙo kada su bar harshensu ya mutu a bakin 'ya'yansu.

An gama naɗar kundin kafin juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023. Juyin ya riske shi da makaɗansa suna yawon wasa a Amurka, aka rufe iyakoki, hanyar gida ta toshe. Wannan rufewar ba labari za a ba mu ba, ni da kai. Mun ga yadda motoci suka yi cirko-cirko a Kamba, mun san layin lantarkin da ya tashi daga nan Birnin Kebbi zuwa Yamai an katse shi a watan Agustan shekarar, ba a sassauta ba sai a watan Maris na 2024. A cikin wannan zaman jiran ne suka shiga situdiyo a New York suka sake rera waƙoƙin nan da jitar da ba ta lantarki ba, aka fitar da su a watan Fabrairun 2025 da sunan Tears of Injustice. Waƙoƙin su ne dai, amma kururuwar ta koma kuka a hankali, irin na mutumin da ke tuna gida bai san ranar komawa ba. Na farkon na rana ne, na biyun na bayan isha'i. In ka ce in zaɓi ɗaya tak cikin duk abin da ke memorin nan, Tears of Injustice zan ɗauka, kuma ko kai mai ruwa a kunne ba ka isa ka kira shi hayaniya ba.

Akwai kuma Etran de L'Aïr, 'yan gida ɗaya daga Agadas, makaɗan biki ne tun 1995. Kundinsu 100% Sahara Guitar ya fito a watan Satumban 2024. Su babu ruwansu da fushi. Jitoci ne ke bin juna suna saƙa, kiɗan na juyawa wuri ɗaya har sai ka ga kafaɗarka na amsawa ba da izininka ba. Da nake jin su sai kakanka ya faɗo mini. Kanta ya bi Askiya Muhammadu na Songhai yaƙin Agadas, aka saɓa a kan rabon ganima, ya ɓalle ya kafa tasa daular wajen 1516. Ku Kabawa har gobe kuna alfahari da labarin cewa ya sa Asbinawa jigilar ruwa a kan raƙuma don ginin Surame. To ga jikokin masu jigilar ruwan can suna zaga Turai da Amurka da jita a rataye, ana sayen tikiti don a gan su. Jikan Kanta kuma yana nan rungume da gora, yana jiran a harba bindiga ya faɗa ruwa.

Ka ga inda na nufa? Tems ta tono tsohuwar waƙa ta ci kyauta da ita. Asake bai yi armashi ba sai da ya koma ga fuji. Buzaye kiɗan bikinsu da amshin gidansu suka ɗora wa lantarki. Ku kuwa kuna zaune a kan abin da ya fi nasu tsufa. Tun 1934, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka shirya masa su, ake wannan biki, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun da duniya ke taƙama da su a 2016. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin Matan Fada ya ji makaɗa a cikin jirage suna zuga masunta, ya ji kirarin Sarkin Ruwa, ya ji kiɗan kokawa da na dambe da na kabanci, kowanne da takensa. Amma me kuke aunawa? Kifi. Kowane yaro a Argungu zai gaya maka na 2020 kilo 78 ne, ka tambaye shi sunan makaɗin da ya kaɗa a ranar ka ga ya soma sosa ƙeya. Abin da ke yawo a wayoyi guntayen bidiyo ne, iska na busawa, mai sanarwa na ihu a lasifika, gangar tana can nesa. Takubba da masu da kwari kun adana su a gidan tarihi na Kanta, madalla. Sautin fa, wa kuka bar wa?

Su Narambaɗa da kake kuka da rashinsu, kana jin muryarsu yau ne don wani ya ɗauki na'ura ya je ya naɗa, gidajen rediyo irin na Kaduna suka ajiye. Shata ya rasu tun 1999, amma babu tashar motar da ba a jin sa, saboda an buga shi a faifai an cika kaset da shi. Da waɗancan mutanen sun zauna majalisa suna tsaki irin naka, da yanzu ba ka da abin da za ka yi wa yara gori da shi.

Don haka ga aikin da na ba ka. Situdiyo ba ta yi wuya a Birnin Kebbi ba, yaran da suka iya naɗar sauti suna nan suna yi wa amare da 'yan takara waƙa, kuma daga nan zuwa Argungu ta Ambursa ba wata tafiya ba ce. Ka tara dattawan makaɗan masunta tun suna da sauran ƙarfin hannu, a zaunar da su wuri mai shiru, a naɗi kowane take da sunansa da sunan mai shi. Kada a sa musu fiyano, kada a goge musu murya. In an gama, a bar samari su ɗauka su yi abin da suka ga dama da shi, ko da kai za ka ce hayaniya ce.

Watan cika-ciki na tafe, kuma tun da ni ne ubangida na san kuɗin shararka na wuyana. Bana ba ka ganin ko sisi. Memorin nan zan ba direban Argungu ya kawo maka, ka fara da na Buzaye, ka bar Rema sai ranar da ka ƙoshi. In motar za ta juyo, a sako mini busasshen kifi, mai kyau, ba irin wanda kuke sayar wa baƙi ba.